Gindin jirgi shimfiɗaɗɗe ko mai V? Nawa ya kusa kifewa a kwana

Kafintan_Yawuri:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni kafinta ne, shekarata 17 ina aikin ƙofofi da kujeru, amma a bakin ruwa na tashi. Bara na haɗa wa kaina jirgi da hannuna: tsawo ƙafa 16, faɗin allon baya (inda ake rataya inji) ƙafa 5, gindinsa a shimfiɗe kamar tire. Na ɗora masa Yamaha Enduro mai doki 40, irin wanda ake riƙe hannunsa a tuƙa. In ruwa ya kwanta, daga ni sai ƙanena, wayata tana nuna kilomita 44 a awa.

Abu biyu ke damuna. Da na murɗe totur sai goshin jirgin ya riƙa tashi yana faɗuwa, yana gyaɗa kai kamar ƙadangare, har haƙoran mutum na haɗuwa. Na biyun shi ya hana ni barci. Ranar Asabar na zo shan kwana don in kauce wa ragar wani masunci, sai bayan jirgin ya zame gefe kamar mota a taɓo, can kuma gefen ya ciji ruwa, jirgin ya ɗaga ta ɓari ɗaya. Ƙanena ya faɗa ruwa. Allah ya sa ya iya iyo, farfela kuma ba ta same shi ba.

Ina so in haɗa wani. Wasu sun ce in yi gindi mai siffar V mai zurfi, wasu sun ce shimfiɗaɗɗen ya fi gudu, gyara kawai yake so. Masu sani, don Allah a taimaka.

Baban_Tasha:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa, a gaishe da yaron. Ɗana, na fi shekara 30 ina ɗaukar mutane da kaya a wannan ruwa, ban taɓa jefar da fasinja a kwana ba. Jirginka gajere ne mai faɗi, shi ya sa yake juyi kamar faifai. Namu dogo ne siriri, inda ka sa kansa nan yake bi. Kuma ka tuna tun da aka datse ruwa a Kainji a 1968, itatuwan da ruwa ya ci suna nan tsaye a ƙasa. In ruwa ya ja baya, kututture na jiran mai sauri. Ina za ka da gudun 44?

Injiniya_Samaru:
Baba ya faɗi gaskiya game da kututture, sai dai jirginsa da na Malam Kafinta ba doka ɗaya suke bi ba. Jirgin Baba yana keta ruwa ne, yana ture shi gefe. Irin wannan tsawonsa ke yanke masa gudu: mai ƙafa 40 zai yi wajen kilomita 15 ko 16 a awa ba tare da wahala ba, mai ƙafa 16 kuwa da ya kai kilomita 10 sai ya fara hawa igiyar da shi kansa ya tayar. Wanda ke son wuce nan dole jirginsa ya fita daga cikin ruwan ya hau samansa, kamar dutsen da yara ke wurgawa yana tsalle a kan tafki. To da zarar ya hau, rabin gaba ba ya taɓa ruwa ma. Ƙafa 5 ko 6 na ƙarshen gindin su ke ɗauke da komai, su ke yanke hukuncin yadda jirgin zai yi.

Shimfiɗaɗɗen gindi ya fi kowane saurin hawa ruwa, ya fi shan mai kaɗan. Abin da ba shi da shi shi ne riƙo. Babu abin da ya nutse da zai hana shi zamewa gefe, har sai kusurwar da gindi ya haɗu da bango ta kama ruwa farat ɗaya, kamar mai gudu ya yi tuntuɓe. Abin da ya same ka ke nan. Mai V kuwa in ya shiga kwana kwantawa yake yi ta ciki, yadda ɗan kabu-kabu ke kwantar da babur.

V mai zurfi wani Ba'amurke ne, Raymond Hunt, ya fito da shi. A 1960 jirgin katako mai ƙafa 31 da ya zana wa Dick Bertram, mai suna Moppie, ya ci tseren Miami ta Amurka zuwa Nassau ta tsibiran Bahamas cikin awa 8 a teku mai haukan igiya. Gangaren gindinsa digiri 24 ne har zuwa allon baya. Daga nan duniya ta kwaikwaya.

AbbaSpeed:
To ai an gama magana. Malam Kafinta ka yi digiri 24 kawai, abin da ya ci teku ai ba zai gagara a Kainji ba.

MaiFaiba_Legas:
AbbaSpeed, a'a, kada ka kai shi ka baro. Ni gyaran jiragen faiba nake yi a nan Legas shekara 11, na sha ganin wannan kuskure. V mai zurfi maye ne wajen cin ƙarfin inji. Moppie manyan injinan cikin jirgi ne ke tura shi. Ka ɗora doki 40 a kan digiri 24, ka zuba mutum huɗu, sai ka ga jirgi ya ɗaga goshi sama yana gurnani ya kasa hawa ruwa, mai na ƙonewa a banza. In kuma ya tsaya cik, mutum ɗaya ya matsa gefe sai duk jirgin ya karkata. Mata da yara ba sa son shiga irinsa.

Da ni ne, tsaka-tsaki zan yi. A baya digiri 12 zuwa 14, sannan V ɗin ya riƙa ƙara zurfi yana tafiya gaba, har goshi ya zama mai kaifi yana yanka igiya. Oga Kafinta, ba sai ka nemi ma'aunin digiri ba. Daga tsakiyar gindi ka auna ƙafa ɗaya zuwa gefe, in ya tashi inci 3, digiri 14 ke nan. Inci 2 da rabi, wajen 12. Na Hunt ya haura inci 5.

Kafintan_Yawuri:
Na gode ƙwarai, wannan awon na inci ya shige ni. Amma gyaɗa kan fa? Shi ma laifin shimfiɗaɗɗen gindi ne?

MaiFaiba_Legas:
Ba lallai ba. Mai V ma yana yi. Ka kifa jirgin a tudu, ka samo doguwar sandar alminiyam wadda ka tabbatar miƙaƙƙiya ce, ka ɗora ta a gindin daga allon baya zuwa ƙafa 6 gaba. Ka duƙa ka leƙa. In sandar tana lilo, wato gindin ya yi doro kamar ƙwarya, to ga mai laifin. In kuma haske na wucewa ta tsakiya, gindin ya loɓa ke nan, shi kuma danne goshi yake yi. Ka gwada wuri uku: tsakiya, dama, hagu. Sannan ka duba bakin gindin a inda ya haɗu da allon baya. Ku kafintoci hannunku ya saba da goge kusurwa ta yi sumul. A nan wurin kaifi ake so, don ruwa ya rabu da jirgi ya tafi abinsa, kada ya manne yana jan baya ƙasa.

Kafintan_Yawuri:
Wallahi kamar kana wurin. Na goge wannan bakin da sanfefa har ya zagaye, ina ganin ado ne. Na auna ɗazu bayan La'asar: akwai doro, a ƙarshen baya sandar ta bar gindi da kusan rabin inci. Ina jin na kwaikwayi yadda bayan kwale-kwale ke ɗagawa ne ban sani ba.

Baban_Tasha:
Ɗagawar nan da dalilinta, ba a banza kakanninmu suka yi ta ba. Ita ke sa ruwa ya rufe a hankali bayan jirgi, mai filafili bai wahala ba.

Injiniya_Samaru:
Haka ne Baba, a tafiyar filafili ita ce daidai. A gudun 40 kuwa wannan lanƙwasa tsotso take yi, tana jan baya ƙasa, goshi ya tashi, sannan nauyi ya dawo da shi ya faɗi, a sake. Kuma ƙarfin ruwa a jikin gindi ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: ka ninka gudu biyu, shi ya ninka huɗu. Shi ya sa rabin incin da ba a ji a kilomita 20 yake zama bala'i a 44.

Akwai kuma maganar nauyi. Daniel Savitsky, wani masani a Amurka, ya fitar da lissafin irin waɗannan jirage a 1964, har gobe da shi ake aiki. Abin da mai haɗa jirgi a gida zai ɗauka a ciki kaɗan ne: jirgi ya fi tafiya da sauƙi in goshinsa ya ɗaga wajen digiri 4 daga saman ruwa, in ɗagawar ta yi yawa ga gudun da ake yi sai gyaɗa kai ya fara. Kai kana zaune a baya, inji ya haura kilo 70 yana baya, ina kyautata zaton tankin mai ma yana ƙarƙashin ƙafarka. Ka kai tanki tsakiya, ƙanenka ya matsa gaba, sannan ka mayar da fil ɗin da ke tokare injin rami ɗaya ko biyu ciki, ƙafar injin ta matso jikin allon baya. Amma a hankali. In ka danne goshi da yawa, shi zai riƙa tuƙa jirgin, kuma wannan ya fi gyaɗa kai haɗari.

Dalibi_a_Michigan:
Salam. Ina karatu a nan, kuma ina taya wani dattijo aikin jirginsa a ƙarshen mako, shi ya nuna mini wannan. A dokar Amurka, jirgin da bai kai ƙafa 20 ba mai injin rataye a baya, akwai lissafin iyakar dokin da za a ɗora masa. Ana ninka tsawo da faɗin allon baya. Na Yaya Kafinta 16 sau 5, ya ba da 80. In gindin shimfiɗaɗɗe ne mai kusurwa kuma da hannun inji ake tuƙi, sai a raba biyu a cire 15. Ya rage doki 25. In ba shimfiɗaɗɗe ba ne, a ninka 80 da 0.8 a cire 25, ya ba da 39, a cike shi 40. In kuma akwai sitiyari sannan allon baya ya kai inci 20, a ninka biyu a cire 90, doki 70.

Wato Yaya, a lissafinsu injinka ya fi ƙarfin jirginka na yanzu da doki 15, amma da ka canza gindi zuwa V, injin nan dai ya zama daidai wa daida.

Direban_Ruwa77:
Ku dai 'yan boko komai sai lissafin Turawa. Mu nan muna ɗora 75 a jirgin katako shimfiɗaɗɗe, buhu 60 a ciki, lafiya lau muke zuwa mu dawo.

Dalibi_a_Michigan:
Ranka ya daɗe, jirginka ƙafa nawa ne? Mai ɗaukar buhu 60 ai ya ninka na Yaya Kafinta a tsawo, kuma da wannan lodi ba ya hawa saman ruwa. Lissafin na ƙananan jirage ne marasa nauyi.

Direban_Ruwa77:
Ƙafa 48. To na ji, ba iri ɗaya ba ne. Amma ni dai na fi yarda da abin da hannu ya gwada.

Maman_Sadiq:
Ku yi haƙuri in shigo maganar maza. Na karanta tun daga sama, an yi ta batun digiri da inci, ba wanda ya tambayi ko yaron nan da ya faɗa ruwa yana sanye da rigar ruwa. Ni 'yar Bagwai ce. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife da yara 'yan Islamiyya a dam ɗin Watari, muka binne su. A shekarar nan dai, watan Mayu, ku ma can Kebbi kun ga yadda jirgi ya nutse da mutane a Warrah. Na san waɗancan lodi ne ya yi yawa, ba gudu ba, amma ruwan ai ɗaya ne. Malam Kafinta, don girman Allah, kafin ka sayi katako ko ɗaya ka sayi riguna. Iya iyo ba ya amfanar wanda kansa ya bugu da gefen jirgi.

Kafintan_Yawuri:
Hajiya, ba ya sanye da ita, ni ma haka. Na karɓi wannan faɗa, kin yi gaskiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Makanike_Lokoja:
Amin. In ƙara a kan maganar Hajiya: igiyar nan ja mai kashe inji, wadda ake ɗaurawa a hannu ko a ƙafa, kusan duk injin da aka kawo mini gyara sai in tarar an naɗe ta a jikin hannun inji ko an yar. Ranar Asabar da kai ne ka faɗa ba ƙanenka ba, injin zai karkata gefe ɗaya, jirgin ya yi ta zagaye da gudu yana dawowa kanka.

Sai batun sabon jirgin. Ka fara sanin ƙafar injinka kafin ka yanke allon baya. Gajeriyar ƙafa allon inci 15 take so, doguwa inci 20. Farantin nan da ke saman farfela ya zo daidai da ƙasan gindi, a mai V kuma daga tsinin tsakiya ake aunawa. In ya yi sama, a kwana farfela ta shaƙi iska, inji ya yi ihu, jirgi ya saki. In ya yi ƙasa, ja ne kawai da feshin ruwa. Allon kuma ya ɗan kwanta baya kamar digiri 12 zuwa 14, don ka samu wurin matso da ƙafar injin ciki kamar yadda Injiniya ya ce. Wanda ya kafa allo a tsaye cak ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Kuma kada ka sa rai da abin da injin ba zai iya ba. A ce inji na juyi 5,500 a minti, giya tana raba shi biyu, farfela mai taku inci 13 (wato nisan da take tura jirgi a juyi ɗaya): ko babu zamewa sam, kilomita 54 ne. Cire abin da ruwa ke ci, kana wajen 46 zuwa 48. Kai kana 44. Duk gindin da ka yi, ba wani gudu mai yawa ya rage maka ba, mai V ma zai ɗan rage maka. Riƙo za ka saya da shi.

Dan_Gaya_Nijar:
Sallama gare ku. Ni nan Gaya nike, bisa kogin Isa wanda ku kuke ce ma Kwara. Ban yarda a yi watsi da shimfiɗaɗɗen gindi haka ba. Wurinmu in rani ya yi, yashi ko'ina, wani wuri ruwa bai kai gwiwa ba. Mai V shina zama bisa yashi ya kwanta gefe, shimfiɗaɗɗe ko ka tura shi ya wuce. Nawa mita 5 ne, inji doki 25. Abin da na yi, kusurwar gindi ban bar ta tsaye ba, na yanke ta a karkace, na sa katako mai faɗin tafin hannu tsakanin gindi da bango tun daga tsakiya har baya. In jirgi ya zame, wannan karkacen shina hawa bisa ruwa maimakon ya cije. Shekara ukku ke nan bai taɓa yi mini abin da ya yi ma Malam ba. Zamewa dai shina zamewa, sai ka san ka rage wuta kafin kwana.

MaiFaiba_Legas:
Dan_Gaya, wannan dabara ce ta gaske, ƙananan jiragen tsere ma suna da ita. Amma ka lura da abu biyu a maganarka: dokinka 25, daidai da lissafin da Dalibi ya kawo, kuma kogi kake. Shi Oga Kafinta tafki yake, mai faɗi, inda iskar farkon damina ke tayar da igiya cikin minti kaɗan. Shimfiɗaɗɗe a kan igiya dukan ƙasa yake yi kamar ana buga tabarya, ƙusoshi su saki, bayan mutum ya gaji.

AbbaSpeed:
To me zai hana ya kafa dogon katako a tsakiyar gindin tsohon jirgin, kamar ƙashin baya, ya hana shi zamewa? Ko ya yi gindi mai matakala irin na jiragen tsere da nake gani a YouTube. Wani mutumin Ostareliya ma a bayan gidansa ya haɗa jirgin da ya fi kowane gudu a duniya.

Injiniya_Samaru:
Ken Warby kake nufi, kuma gaskiya ne. A bayan gidansa a Sydney ya haɗa Spirit of Australia da katako, ya sa masa injin jirgin sama. Ranar 8 ga Oktoban 1978 a dam ɗin Blowering ya yi kilomita 511 a awa, har yau ba a karya ba. Ina son labarin nan don yana nuna hannun mutum ɗaya na iya abin mamaki. Amma a haɗa da sauran labarin: mutum biyu da suka nemi karya wannan tarihi, Lee Taylor a 1980 da Craig Arfons a 1989, duk a wannan yunƙurin suka mutu. Kafin su Donald Campbell a tafkin Coniston na Ingila a 1967, iska ta shiga ƙarƙashin jirginsa ta ɗaga shi sama, shi ma ya mutu. Kuma duk waɗannan a miƙe suke tafiya, ba sa shan kwana.

Matakala tana shigar da iska ƙarƙashin gindi don rage jan ruwa. A kwana, bayan jirgin na iya sakin ruwa gaba ɗaya ya juya kamar katantanwa. Wato cutar da Malam Kafinta ke gudu, ita za ka ƙara masa. A gudun 45 ma ribarta ba ta taka kara ta karya ba.

MaiFaiba_Legas:
Shi kuma ƙashin bayan, ɗan ƙarami mai kaurin inci ɗaya yana taimakawa. Mai zurfi kuwa wani abin tuntuɓen ne ka ƙara. Kuma a tsayar da shi kamar ƙafa 2 kafin allon baya, a siranta ƙarshensa, in ba haka ba yana aika wa farfela ruwa mai kumfa.

Sani_Tiga:
Ni gargaɗina a kan V. Na taɓa shiga wani a dam ɗin Tiga, da aka ba shi wuta sai ya fara rangaji dama da hagu, kowane karo yana ƙaruwa, sai da direba ya sassauta. Kada Malam ya gudu daga zamewa ya faɗa wannan.

Injiniya_Samaru:
Malam Sani, abin da ka gani yana faruwa, amma ga V mai zurfi mara nauyi da babban inji, lokacin da jirgin ya fita daga ruwa har ya rage yana tsaye a kan tsinin gindi kawai, kamar mai tafiya a kan igiya. Digiri 12 ko 14 da doki 40 da wuya ya kai can. Kuma in aka bar ɗan fili shimfiɗaɗɗe mai faɗin inci 3 ko 4 a kusurwar gindi ta kowane gefe, yana tokare jirgin, yana kuma mayar da feshin ruwa ƙasa.

Zango_Yeji:
Gaisuwa daga Gana. Mu a tafkin Volta matsalarmu irin ta Baban_Tasha ce, kututturan da ruwa ya rufe, sun ci jirage da rayuka ba adadi. Don haka ni ba digiri ne a gabana ba, abin da zai faru bayan an fasa gindi ne. Yayana kafinta, ka rufe ƙarƙashin kujeru da cikin goshi su zama akwatunan da ruwa ba ya shiga. In ba hali, jarkoki marasa komai a rufe gam a ɗaure su sosai. Kowace jarka mai lita 20 tana riƙe kusan kilo 20 a ruwa. Injinka kaɗai yana son huɗu ko biyar, kuma a baya, a gefe da gefe, don jirgin in ya cika ya zauna a kwance, kada ya tsaya da goshi sama.

Kafintan_Yawuri:
Allah ya saka. Wata tambayar: na farkon da katakon madaci na yi shi, mutum shida ke ɗaga shi da ƙyar. In koma filawud?

MaiFaiba_Legas:
Ga jirgin da ake so ya hau ruwa, kowane kilo abokin gaba ne. Filawud na ruwa, mai hatimin BS 1088 in ka samu na gaske, mili 12 a gindi, 9 a bango, allon baya a ninka ya kai inci ɗaya da rabi. Hatimi kaɗai kada ya ruɗe ka: yanki ɗan guntu ka tafasa shi a tukunya, in ya ɓare ka bar shi a kasuwa. Madacin ka ajiye shi don haƙarƙari da ƙashin baya. Faifan ƙafa 8 ne, sai ka haɗa biyu, a fere bakin kowane a kwance, tsawon ferewar ya ninka kaurin sau 8. Ka kuma sani filawud ta fuska ɗaya yake lanƙwasa, kamar takarda, don haka V ɗin goshi ba zai yi zurfi yadda ranka ke so ba sai ka yanka shi sala-sala. Ka fara gwadawa da kwali, ƙaramin samfuri. Wajen rufe shi da faiba, gam ɗin da ake kira ifoksi ya fi kama katako. Rezin ɗin da muke aikin faiba da shi ya fi araha nesa ba kusa ba, amma bayan 'yan shekaru yana saki daga jikin itace, ruwa ya shiga tsakani.

Baban_Tasha:
Filawud a ruwan da ke da kututture da dorina? Madaci in ya bugu tsagewa yake, a toshe a ci gaba. Ni ban gamsu ba.

Kafintan_Yawuri:
Jama'a na dawo da rahoto. Na sayi riguna uku, na nemo igiyar kashe inji na ɗaura a hannu. Na cike doron da siririn katako da gam, na fitar da kaifin bakin baya, na kai tanki tsakiya, na matso da fil rami ɗaya. A maimakon ƙanena na sa buhun yashi biyu. Gyaɗa kan ya tafi, sai ɗan kaɗan in na ƙure totur. Gudu ya tsaya a 43. Zamewa a kwana tana nan yadda take, sai na sauko wajen 25 nake juyawa.

Sabon jirgin na fi karkata ga mai V tsaka-tsaki. Sai dai gaɓar da nake ajiye jirgi ba ta da zurfi, maganar Dan_Gaya ta tsaya mini a rai. Inci 2 a ƙafa zai wadatar, ko dole sai 3?

Dan_Gaya_Nijar:
Biyu ya isa, ka ƙara da karkacen kusurwa irin nawa.

MaiFaiba_Legas:
Ni ina nan a kan 3. A faɗin jirginka, bambancin zurfin tsakanin su bai wuce inci 2 da rabi ba, ƙafar injin ma ta fi haka nutsewa. Ranar da hadari ya taso kana tsakiyar tafki za ka gode wa incin nan. Kafin ka rufe gindi, ka ɗora sandar alminiyam a kan haƙarƙarin baya ka turo mana hoto.

Injiniya_Samaru:
Ka faɗa mana mutum nawa za ka riƙa ɗauka yau da kullum. In biyu ne, 3. In biyar ne da kaya, doki 40 zai fi jin daɗin 2, ko kuma ka ƙara tsawon jirgin zuwa ƙafa 18.

Baban_Tasha:
Ka ji, an dawo maganata ta tsawo. Ɗana, ranar kasuwa ka zo tasha da sassafe kafin lodi, in zaga da kai in nuna maka inda itatuwan suke tun ruwa bai rufe kansu ba. Ka taho da rigar taka.